Rasuwar Ɗan Ja, Injin da Masu Talla Suka Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, har da fushin da ya ƙi sauka, Malam Riskuwa na Zauro yake sanar da 'yan uwa da maƙwabtan gona rasuwar injinsa na ban ruwa, wanda kowa a fadama ya sani da Ɗan Ja. Marigayin ya cika ranar Talata a bakin aikinsa, kuma ba tsufa ne ya kashe shi ba.

Ɗan Ja inji ne mai kunya da haƙuri. Ja ɗaya ake wa igiyarsa ya amsa, ya yi tari sau biyu, sannan ya kama tut-tut-tut ɗinsa har rana ta faɗi. Bai taɓa raina man da aka ba shi ba, ko na bakin titi ne. Shinkafar Malam Riskuwa da albasar maiɗakinsa Laure duk daga bakinsa suke sha.

Ciwon ajalinsa ya zo ne cikin farar mota daga Birnin Kebbi: masu ɗaukar tallar talabijin, da shugabansu, wani Munzali mai gilashi a goshi. Suka ce tallar sabon injin ban ruwa za su yi, gona mai kyau kawai suke nema. Malam Riskuwa, da yake baƙo ba a hana shi wuri, ya ce bismilla.

Sabon injin nasu sai ƙyalli, amma da aka ja shi ko atishawa bai yi ba. Ashe kwanko ne na nuni, cikinsa wayam. Munzali bai ko ji kunya ba. Ya sa aka ɓoye Ɗan Ja bayan mai kyamara, aka binne tiyonsa cikin laka, aka ɓullo da bakin tiyon ta gindin sabon. Mai kyamara ya kwanta rub da ciki don kwankon ya fito kamar rumbu, wani ya riƙe farin allo yana watsa masa hasken rana. Aka kawo ɗan wasa da farar shadda, wanda ke ɗage ƙafa kada laka ta taɓa shi, aka ce shi ne manomi. Duk ruwan da ya tara hannu yana wa dariya, Ɗan Ja ne ya jawo shi.

Da rana ta take, Malam Riskuwa ya hau babur ya tafi gida ɗauko wa baƙinsa tuwon shinkafa da miyar kifi. A bayansa ne suka ɗauki abin da suke kira "halin da", wato wahalar manomi kafin zuwan sabon inji. Suka shafe marigayin da baƙin mai da taɓo. Suka zare tiyonsa daga rijiya don ya yi ta haki babu ruwa, suka zuba masa mai fiye da ƙima don hayaƙi ya yi kauri. Duk lokacin da ya shaƙe, sai Munzali ya ce a sake, hayaƙin bai cika hoto ba. Malam Riskuwa ya iso da kwanuka ɗaure a bayan babur daidai lokacin da Ɗan Ja ya yi wani ƙarrr, ya yi shiru. Tuwon kuwa tas suka cinye shi.

An garzaya da shi wurin Felix bakanike, wanda ya buɗe shi, ya girgiza kai, ya ce ciki ya narke.

Yanzu tallar na fitowa bayan labarai. Ana nuna gawar babu launi, da kiɗan tausayi, wata murya na tambaya ko har yanzu kana wahala da tsohon inji. Sai launi ya dawo, ganga ta tashi, ruwa na zubowa a hankali kamar zuma. Abin da ya fi ci wa Malam Riskuwa rai shi ne mutanen da suka sha aron Ɗan Ja ma sun fara cewa dama ya gaji. A wurin mai shayi ya miƙe ya nuna talabijin yana cewa: "Ruwan ga da kunka gani, wallahi na Ɗan Ja na. Wancan ko miyau bai tohwa ba." Aka ce ya zauna, ya tare hoto.

Marigayin ya bar tiyo, jarka, da igiya mai kulli uku. Ya bar shinkafa da ta ɗauki ciki, wadda rabonta da ruwa tun ranar da ya faɗi, ga shi lokaci ne da babu mai ba da aron inji.

Za a ɗauko gawar daga shagon Felix gobe bayan sallar asuba, a ajiye ta ƙarƙashin giginyar gona. 'Yan gwangwani kada su wahalar da kansu, ba a sayarwa. Munzali da kyamararsa, an yafe musu zuwa. Za a karɓi gaisuwa a bakin rijiya, kuma ba a shimfiɗa tabarma ba: mai zuwa ya naɗe wando, ya taho da bokiti.