Ɗan'asabe Mai Rai Biyu

Wani mutum ne a unguwarmu a Funtuwa, ana ce masa Ɗan'asabe Direba. Direba dai a suna, don an manta rabon da a ga hannunsa a kan sitiyari. Abu biyu suka rage masa, baki da ciki, kuma babu wanda ke hutawa a cikinsu. In ya fara zuba, rediyo ma sai ta yi shiru ta saurara. In kuwa ya sa hannu a kwano, to kowa ya yi ta kansa.

Da can ya taɓa tuƙa wani dattijo Bayahude, mutumin Maroko, injiniyan haƙa rijiyar burtsatse. Sunansa Eliyahu, amma duk ƙauyukan da ya samar wa ruwa Baba Iliya suke ce masa. Ya daɗe a ƙasar nan har Hausa ta zauna a bakinsa daram. Zaman da Ɗan'asabe ya yi da shi bai taka kara ya karya ba, amma in kana jin labarin daga bakinsa sai ka rantse tare aka yaye su. Cewa yake tsohon nan shehi ne a ilmin ɓoye na Yahudawa, wanda suke kira Kabbala, kuma duk cikin waɗanda suka zauna da shi babu wanda ya buɗe wa cikinsa sai shi Ɗan'asabe. Wai ranar da za su rabu ma har hawaye tsohon ya yi.

To mu muna da ciyayya a ƙofar gidan Alhaji Maiwada. Bayan azahar kowa a fito masa da kwano daga gidansa, a haɗa a tsakiyar tabarma, a ci tare. Kwanon Ɗan'asabe shi ne ƙarami kullum, miyarsa kuwa in ka leƙa sai ka ga fuskarka a ciki. Amma shi ke kawo labari, kuma a kan labarin nan yake cin mu.

Yakan gyara hula, ya lumshe ido, ya ce wai masu wannan ilmin suna cewa kafin a yi komai hasken Ubangiji ne ya cika ko'ina, babu masaka tsinke. Da aka tashi yin halitta sai aka janye hasken, aka tsuke shi, don duniya ta samu filin zama. Daga nan aka zuba hasken a cikin wasu tukwane. Hasken ya fi ƙarfinsu, suka fashe rugu-rugu, tartsatsinsa ya watsu ya shige cikin kowane abu na duniya. Aikin ɗan Adam shi ne ya bi yana tsintowa yana mayarwa inda ya fito.

Mu dai mun san namu karatun, wannan labari ne na wasu mutane, kuma ba laifi yana da daɗin ji. Inda gizo ke saƙar shi ne fassarar da Ɗan'asabe yake yi masa. Da an buɗe kwanuka sai ya ce kowa ya tsuke, ya matsa, a ba mai ilmi fili. Tartsatsin hasken nan kuma, a cewarsa, ya fi son ɓuya a cikin tsoka da ƙashin ɓargo, ba ya cika zama a gayan tuwo, kuma sai idon da aka wanke ne ke ganinsa. Ni kaina an yi mini. Cinyar kaza ce a gabana, na daɗe ina lallaɓa ta zuwa ɓangarena, sai kawai na ga hannu ya gifta, caraf. Wai ya hango haske a maƙale a cikinta yana neman ceto. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Duk wannan wasa ne a kan abin da yake yi ranar Asabar. Ya ce a ilmin nan, duk ranar Asabar akan saukar wa mutum rai na biyu daga sama, ya wuni tare da shi. Shi kuma da yake ran Asabar aka haife shi, da Baba Iliya ya ji sunansa nan take ya gane ya samu magaji. Saboda haka ranar Asabar kaso biyu ake ware masa, ɗaya na ransa na kullum, ɗaya na baƙo.

Iro Kafinta, wanda ba ya barin magana ta kwana a cikinsa, ya taɓa tambayarsa me ya sa rai na biyun ba ya zuwa da nasa kwanon.

Ɗan'asabe ya dube shi sheƙeƙe ya ce, "Kai Iro, a gidanku baƙo da kwanonsa yake zuwa?"

Aka kwashe da dariya, magana ta wuce. Alhaji mutum ne mai kunya, ga son nishaɗi, sai ya ce a ƙyale shi. Haka muka zauna, duk Asabar muna ciyar da mutum ɗaya da baƙon da ba mu taɓa gani ba.

Ana nan, rannan Alhaji ya zo da labari. Baba Iliya zai koma ƙasarsu ya huta, yana zagayen bankwana da rijiyoyin da ya haƙa, har da ta bayan gidan Alhajin. Zai sauka a nan ranar Juma'a da rana, ya wuni Asabar, don shi ba ya tafiya a ranar. Alhaji ya ce rago guda zai sa a gasa saboda shi.

Na dubi Ɗan'asabe. Loma ce a hannunsa, ta tsaya a hanya. Sai ga shi yana cewa ai ya tuna yana da ta'aziyya a Bakori ran Asabar ɗin. Iro ya ce Allah ya ji ƙan mamaci, su za su kula da ragon, har da kason baƙon nasa. Da jin haka sai ta'aziyyar ta koma Lahadi. Mutum ya ga wuta a gabansa, amma ƙamshin ragon da ba a ko yanka ba ya hana shi gudu.

Sai ya ɓullo da dabara. Ya tara mu ya ja mana kunne, wai a ƙa'idar ilmin nan haramun ne a tambayi shehi sirri a gaban jama'a. Wanda duk ya kuskura, kansa ne zai juye. Ya ce ya san wani a Gusau da ya gwada, yanzu haka yana bin bola yana gaida kwalabe. Muka ce mun ji, ba mai tambaya.

Ranar Asabar bayan azahar aka fito da rago a kan babban faranti, an cusa masa shinkafa a ciki, man shanu yana naso, yaji yana tashi har cikin ƙwaƙwalwa. Sai ga Baba Iliya ya fito daga ɗakin baƙi, tsoho tukuf, gemu fari fat, da 'yar hula kamar murfin kofi a tsakar kansa. Ya gaisa da kowa, ya ba Alhaji haƙuri, ya ce shi yana da dokokinsa na abinci, ba zai ci ragon ba, amma zai zauna tare da mu ya ci dabino da ayaba.

Kafin ya gama zama Ɗan'asabe ya zube a gabansa yana kwararo gaisuwa, wata na bin wata, don kada ya bar wa tsohon kafar magana. Baba Iliya ya ƙura masa ido, can sai ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa, ya ce ya gane shi sarai, ya tambayi iyali. Shi ke nan. Ɗan'asabe ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ƙirji ya buɗe, hula ta koma gaban goshi. Ya ce mu tsuke. Muka tsuke.

Alhaji ya sa wuƙa ya fara rabo. Da ya zo kan Ɗan'asabe, kamar yadda aka saba, ya ajiye masa faranti biyu, cinya a ɗaya, kafaɗa a ɗaya. Babu wanda ya tambayi tsohon komai. Shi ne da kansa ya dubi farantan ya ce, "Alhaji, akwai wanda muke jira ne? Wannan na biyun na wane ne?"

Iro ya ce, "Na rai na biyu ne, Baba. Wanda ka ba shi."

Tsohon ya ajiye dabinon da ke hannunsa. Ya nemi a yi masa bayani, Iro kuwa ya zayyane masa kaf, tun daga tsukewa har cinyar kazata. Baba Iliya ya yi dariya har sai da ya riƙe hularsa kada ta faɗi.

Da ya lafa sai ya ce shi fa ba shehi ba ne, ɗan abin da ya ji ne daga kakansa. Karatun da suka yi da Ɗan'asabe kuma zama biyu ne. Na farko, wata Juma'a kuku ya dafa abincin Asabar tun da wuri, tunda shi tsohon ba ya hura wuta ranar Asabar. Ɗan'asabe ya lallaɓa kicin, ya ɗauki kwanon tangaram ya yi ta loda shinkafa da nama har ta yi tozo. Zafi ya ci hannunsa, ya saki, kwano ya tarwatse a ƙasa. Maimakon tsohon ya kore shi, sai ya sa shi ya durƙusa ya tsince shinkafar ƙwaya-ƙwaya, shi kuma yana zaune yana ba shi labarin tukwanen da aka zuba wa abin da ya fi ƙarfinsu.

Iro ya tambayi batun hawayen rabuwa. Tsohon ya ce hawaye kam ya yi, don a ranar ne Ɗan'asabe ya zo yin ribas ya taka masa ɗan yatsa da taya.

Tabarma ta kaure da dariya. Ɗan'asabe ya yi tsuru-tsuru, amma hannayensa biyu na kan farantansa.

Alhaji bai yi dariya ba. Ya goge wuƙa ya ce, "Ɗan'asabe, magana ɗaya zan tambaye ka. Rai na biyun nan, akwai shi ko babu? In babu, ka daɗe kana cin haƙƙin mutane da ƙarya, ka ɗauki kwanonka, ka gama ciyayya a ƙofar gidana. In akwai, ka zauna."

Ɗan'asabe ya dubi rago, ya dubi ɗan kwanonsa na ruwan miya. Ya haɗiye yawu muƙut.

"Akwai shi, Alhaji. Yanzu haka ina jin motsinsa."

Baba Iliya ya ce shi bai san cikin mutum ba, ba zai ƙaryata shi ba. Sai dai zama na biyun da suka yi bai ƙarasa ba. Ɗan'asabe ne ya tambaye shi dalilin fara'arsa ranar Asabar, shi kuma ya fara yi masa bayanin rai na biyu, yana tsakiyar magana aka ji ƙarar murfin tukunya daga kicin, ya waiga bai ga ɗalibi ba. Ya ce gaskiya ne wasu malamansu sun ce rai na biyun nan yana buɗe wa mutum zuciya har abinci ya ƙara masa daɗi.

Ɗan'asabe ya yi zumbur ya ce, "Kun ji ko!"

"Tsaya in ƙarasa maka rabin da ka gudu ka bari," in ji tsohon. "Shi rai ba shi da haƙori. Abin da yake mora ƙamshi ne kawai. Shi ya sa idan zai tafi muke shaƙar kanumfari, mu rarrashi zuciya. Tsukewa kuma, babba ne yake ja da baya don ƙanana su samu wuri."

Alhaji ya gyaɗa kai a hankali. Ya miƙa hannu ya janye farantin kafaɗa, ya ce tunda baƙo ba ya tauna, wannan ya koma tsakiya. Ya sake miƙa hannu ya janye na cinya, ya ce ashe duk Asabar ɗin da ta wuce mai masauki ne ke cinye abincin baƙonsa, to yau ya huta, ranar baƙo ce. Iro ya kama gefen tabarma ya nuna wa Ɗan'asabe can baya, ta inda iska ke kaɗa ƙamshin ragon, ya ce babban ɗalibi ya tsuke.

Muka sa hannu. Wallahi ban taɓa cin rago mai daɗin wannan ba. Ƙashi na ƙara ƙurus-ƙurus, mai na bin gwiwar hannu. Ni na samu cinyar, na ɗaga ta sama na duba ko akwai haske a ciki, sannan na kai baki. Ɗan'asabe na can baya ya rafka tagumi, hanci na buɗewa yana rufewa, maƙogwaro na hawa yana sauka.

Da ya ga an juya rago an kama ɗaya gefen, sai ya dafe ƙirji, ya yi wata 'yar miƙa, ya matso da gwiwa.

"Alhaji, ya tafi. Yanzun nan na ji fitarsa, fit. Saura ni kaɗai, kuma yunwa nake ji."

Baba Iliya ya ɗaga kai ya dubi sama. Rana da sauranta sosai, ko gajimare babu. Ya jefa dabino a baki ya ce, "A'a, ɗana, bai tafi ba. Ba ya tafiya sai taurari uku sun fito."

Iro ya tura masa farantin ƙasusuwa gaban hanci, ya ce, "Ja da kyau, kada baƙo ya koma sama ya ce mun yi masa rowa."