Kujerar Gaba a Jirgin Abhur

Tun da na gama jami'a ban taɓa cewa "tabbas" ba, sai ranar da na nuna wa kafilina, Balaraben da nake aiki a ƙarƙashinsa, hoton jirgin wasan wani kamfanin Turai, mai hawa sama ya gangaro.

"Akwai shi kuwa, ya ustaz?"

"Tabbas."

Aka share fili a Abhur, can bakin teku, don a kafa shi. Yaran unguwarmu ta Sharafiyya, su kaɗai ke gaishe ni a unguwar, na yi musu alkawarin hawa kyauta.

Ashe zane ne kawai. Kamfanin ya daɗe da rufewa, bai taɓa ƙera shi ba. Kafili ya ce halas, wato shi ke nan, ya daina shawara da ni.

Yaran yanzu magidanta ne. In na zo wucewa ni kaɗai, sai su ce, "Ammu, baffanmu, a ajiye mana kujerar gaba."