Ranar da Na Tsine wa Kaina a Kudan

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na miƙe a gaban dattawa na tsine wa kaina da bakina, har ina jira a ce amin.

Ina da ɗan shago a kasuwar Ikara, ina sayar da maganin feshi da iri. Karatuna bai wuce sakandare ba, ita ma da ƙyar, amma na taɓa zama a Jidda, don haka in maganar ƙasar waje ta taso a majalisarmu ni ake juyowa a kalla. (Ko ba a juyo ba ina magana.)

Nura ɗan Baffana ne, ƙanina ke nan. Karatu ya kai shi Kanada, ya gama, ya samu aiki, har muka ji an ba shi izinin zama na dindindin. Da ɓarin jikin mahaifiyarsa, Inna Ladi, ya shanye, sai ga shi ya dawo da jaka ɗaya. Muka ce dubiya ya zo. Aka yi damina, aka yi rani, aka sake wata daminar, Nura na nan. Shi ne kai Inna asibiti Zariya, shi ne gonar tumatirin Baffa, a kan wani tsohon babur da sai an tura.

Nan fa zuciyata ta kama aiki. Mutumin da ya samu gindin zama a ƙasar Turawa, me zai zaunar da shi a Ikara yana tura babur? In an kira shi a waya sai ya koma gefe yana Turanci ƙasa-ƙasa. Kuma da bakinsa ya taɓa ce min ya bar garin da ya fara zama, ya koma wata jiha can nesa. Na ce, "Da izinin wa?" Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ai ba a neman izini. Duk inda ka ga dama sai ka zauna." Wannan dariyar ce ta gama tabbatar min. A Jidda in ka bar kafilinka, wato ubangidan da ya tsaya maka, ka zama gudajje. In ka fita ƙasar ka wuce wa'adi, takardar zamanka ta mutu. Na ce a raina yaron nan gudu ya yi, suka kamo shi suka koro shi, yake fakewa da jinyar tsohuwa. (Allah ya yafe min, har kallon tausayi nake masa.)

Ana haka ya ga wata yarinya a Kudan, Hauwa, malamar firamare, manya suka shiga maganar.

Wata ranar kasuwa wani dattijo siriri ya zo sayen maganin ciyawa. Ya ce daga wajen Maƙarfi yake, ya zauna a benci yana fifita da hula. Can ya ce, "Ashe garin nan ma kuna da 'yan ƙasar waje? Na ji ana zancen wani yaro Nura."

Kowa ya san mai binciken aure ba ya cewa bincike ya zo. Amma ni da nake zargin kowa, wannan ɗaya ban zarge shi ba.

"Yaro ne mai hankali, ga sallah," na ce. Sai na rage murya. "Sai dai Alhaji, wanda ba a koro ba, me zai hana shi komawa?"

Ya ce, "Ikon Allah."

Na ƙara masa da labarin babur, da waya, da canjin gari. Har ruwan sanyi na sayo masa don daɗin hira.

Daga nan Kudan suka yi shiru. Maganar sa rana aka ce a dakata tukuna. Nura ya rame. Ya same ni a shago ya ce, "Yaya, lokaci na ƙure min. Dokarsu cikin kowace shekara biyar sai ka yi biyu a ƙasar. Na kusa cinye rabona na waje. In ban koma kafin ƙarshen shekara ba zaman nawa zai iya tafiya. So nake a ɗaura kafin in tafi, Inna ta gani da idonta." Ina gyaɗa kai, a raina ina cewa ji yadda ya iya tsara zance.

Sai labari ya zo ta bakin mata: wai wani a Ikara ya ce koro Nura aka yi. Ran Baffa ya ɓaci. Wallahi ni ma nawa ya ɓaci. A ganina ko an koro shi, sirrin gida ne, wane ɗan iska ne zai kai Kudan? Na zargi mai shayin bakin tasha. Na zargi wani abokin Nura. Na daina gaisawa da maƙwabcinmu mai 'ya'ya mata. Kaina ne kawai ban kawo ba, don ni ai hira na yi da mai sayen magani.

Baffa ya haɗa dattawa za a je Kudan, ya ce, "Kai ma taho, kai ne mai baki." Nura ya tuƙa mu a motar aro, ya tsaya waje gindin bishiya kamar yadda ya dace.

Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka gaisa, aka tambayi gida da damina. Baffa ya yi min ido. Na gyara babbar riga na fara. Na yabi Nura, na yabi gidanmu, sannan na ɗaga hannu sama. "Duk munafukin da ya kawo wannan magana, Allah ya tona asirinsa tun a duniya! A bainar jama'a!"

Aka ce, "Amin!" Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Mahaifin Hauwa ya ce, "To, bari yayana Alhaji Tanimu ya shigo. Shi ya je binciken."

Tun daga hular na gane shi.

"A'a, mai maganin feshi!" in ji shi. "Ashe kana cikin baƙin. Maganinka ya yi kyau, ciyawa ta mutu murus."

Baffa ya ce, "Kun san juna ne?"

"Ai shi ne majiyata."

Na ji babbar rigar ta yi min nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Baffa ya juyo ya dube ni ya ce, "Kai?"

Na fara kame-kame, wai wasa nake, wai ba a fahimce ni ba. Alhaji Tanimu ya girgiza kai. "A shago ba wasa kake ba. Yau don danginka na zaune za ka janye. Ka ga an koro shi da idonka?"

"A'a."

"Wani ya gaya maka?"

"A'a."

"To a ina ka san kamannin korarre?"

Na hango Nura ta ƙofar zaure, yana ta goge gilashin motar da ba ta da datti. Na gane in ban ba dattijon nan amsar gaskiya ba, auren nan ya tafi.

Na ce, "Alhaji, ni aka taɓa korowa."

Shekara da shekaru ina gaya wa Ikara cewa kewar gida ce ta dawo da ni. Ranar na faɗa musu yadda askarawa, wato 'yan sandan Jidda, suka kama ni ina wankin mota ba takarda, suka sa ni a jirgi daga ni sai jallabiya da silifas. Na ce, "Kaina na gani a jikin yaron nan. Ban san komai a kan Kanada ba, ko a taswira ba zan iya nuna ta ba."

Ina jiran salati. Sai Baffa ya ce, "Wannan ai duk Ikara an sani. Kawaici ake maka."

Wani tsoho ya ƙware da dariya har sai da aka ba shi ruwa.

Aka kira Nura ya durƙusa ya yi bayani. Alhaji Tanimu ya ce zai tambayi wani nasu da ya san ƙasar, ya tambaya, aka ce haka dokar take. An ɗaura aure bayan girbi, a gurguje, Inna Ladi ta gani. Amarya ba ta gama sanin inda ake ajiye ludayi ba ango ya hau jirgi. Watannin amarcin da za su yi, ni na cinye su da bakina. Nura bai taɓa tayar min da maganar ba, Hauwa kuma har ƙasa take gaishe ni, wanda ya fi zagi ciwo.

Yanzu na gane in na hango laifi a jikin mutum, in fara dubawa ko nawa ne na rataya masa. Baƙo kuwa in ya zauna a bencina, ko hanyar Maƙarfi ya tambaye ni sai in ce, "Alhaji, ƙara tambaya a gaba."