Ranar da Na Shafa wa Jawabina Fatiha

Ko da tsufa zai sa in manta komai na shekarata ta farko a kwaleji, ba zan taɓa mantawa da ranar da Malam Sabo ya kira ni gaban aji ba. Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, ga shari'a an ƙaddamar, gari kowa yana ji da siyasa yana ji da addini. Ni kuwa ina zaune a gidan kawuna, Alhaji Sule, a Nassarawa GRA, ɗakina can baya kusa da bishiyoyin mangwaro.

Ni mutum ne da ko sallama zan yi sai na gwada ta a zuci tukuna. Darasin halayyar ɗan Adam da na zamantakewa ba su taɓa hana ni sukuni ba, tunda daga ni sai littafi. Wanda ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne darasin magana a bainar jama'a. Kowa sai ya tsaya gaban aji ya yi jawabin minti biyar, kuma wanda ya faɗi a wannan tsayuwar zai maimaita kwas ɗin baɗi tare da sababbin ɗalibai. Malam Sabo yana da wata 'yar ƙararrawa a kan tebur. In ta kaɗa, ko a tsakiyar kalma kake, sai ka nemi kujerarka.

Na zaɓi yin magana kan abin da ya sa mazauna GRA ba su san maƙwabtansu ba. Na rubuta, na gyara, na haddace, na riƙa karanta wa mangwarori kullum da yamma (ban taɓa samun masu sauraro irinsu ba, don ba su da idanu).

Wata rana Kawu ya riske ni a nan. A lokacin yana neman kujerar majalisa, falonsa kullum cike yake da 'yan siyasa, saboda haka yana ganin duk Kano babu wanda ya kai shi sanin jawabi.

"Kai, ɗan nan, haka ake magana?" ya ce. "Ka diro wa mutane kamar ɓarawon da ya tsallako katanga? Buɗe da addu'a, ka ba kowa girmansa, sannan ka shigo ta ƙofa."

Sai na koma zama a lungun falonsa ina sauraro. Da yake ba na yin abu rabi, duk addu'ar da aka yi a tarukan nan sai da na haddace ta, ta buɗewa da ta rufewa, ban bar ko ɗaya ba.

Ranar ta zo. Na tsaya gaban allo. Idanu ko'ina. A layin gaba ga Nafi'u, sarkin tsokanar ajinmu, ya harɗe hannu yana murmushi tun ban buɗe baki ba.

Na yi sallama, aka amsa. Da ƙyar na ce, "Jama'a, a yi wa Annabi salati."

Nan take kowa ya sunkuyar da kai. A nan na gano abin da babu shi a littafin halayyar ɗan Adam: muddin ana addu'a, babu mai kallona. Wani sanyi ya ratsa ni. Na ɗaga hannu, aji ya ɗaga.

Na roƙa wa Malam lafiya. Na roƙa wa iyayenmu gafara, na raye da waɗanda suka rigaye mu. Na roƙa wa shugabanni adalci, Kano zaman lafiya, manoma damina mai albarka. Da na zo kan masu neman aure, amin ɗin da ta fito daga layin baya sai da ta girgiza taga. Ta wutsiyar ido na hango hannun Malam Sabo a kan ƙararrawa, amma a shekarun nan wa ya isa ya kaɗa wa addu'a ƙararrawa? Sai ya janye hannun, shi ma ya ɗaga.

Daga nan bakina ya bi hanyar da ya saba ji a falon Kawu. Na ji kaina na ce, "Fatiha."

Aka karanta, aka shafa. To, kun dai san mu: in an shafa Fatiha, taro ya tashi. Wasu 'yan baya har sun rataya jakunkuna da gaske. Nafi'u ya miƙe ya kaɗe rigarsa.

"Alhamdu lillahi, an ɗaura! Liman, ina goronmu?"

Aji ya ɓarke da dariya. A cikin hayaniyar na ce, "Taken jawabina shi ne..."

Ƙararrawa ta kaɗa.

"Ai ka rufe taro, malam," in ji Malam Sabo, yana share hawayen dariya da gefen hula. "Allah ya karɓa. Na gaba."

Na bi shi har ofis ina ba da haƙuri. Ya saurare ni tsaf, sannan ya ce, "Ka roƙa wa kowa komai, har manoma, amma ka manta ka roƙa wa kanka maki. Sai baɗi."

Da na koma gida Kawu ya tare ni a bakin ƙofa. "Yaya, an amsa da amin?"

Na ce, "Sosai ma, Kawu."

"To ka gani!"

Da shekara ta zagayo, ashe labarina ya riga ni shiga ajin. Ina miƙewa, tun ban ce uffan ba, sababbin ɗaliban nan suka ɗaga tafukan hannu gaba ɗaya. Malam Sabo ya matso da ƙararrawa kusa, ya ce, "Liman, bisimilla kawai." Na yi bisimilla, na bar su suka kalle ni son ransu, na ci.

Sunan dai ya bi ni har yau, ni da ban taɓa jan ko sahu ɗaya ba. Abin da na koya shi ne, addu'a ba wurin ɓuya ba ce. In an ba ka minti biyar, yi bisimilla ka faɗi abin da ya kawo ka, ka bar Fatiha sai ka ga mutane sun fara laluben takalmansu.