Ta'aziyyar Wayar Alhaji Balarabe, Daga Gadon Asibiti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar hagu mai cike da ƙarfe, ni Isma'ila ɗan kabu-kabu, mutumin Garbadu, nake sanar da jama'ar Talata Mafara, Bakura da Maradun rasuwar wayar Alhaji Balarabe mai taki. Ba shi ya aiko ni ba. Na ga rashin ya yi masa nauyi ne, har ya kasa leƙo ni asibiti, shi ya sa na ɗauke masa wahalar sanarwa.

Marigayiya ta rayu cikin gata. Tana da rigar fata, tana da gilashi a fuska don kada ta kuje. Ba ta taɓa kwana da yunwa ba; ko unguwa na cikin duhu, ita ana tayar mata da janareta. Duk wanda ya zauna da su zai shaida ba ta taɓa kiran Alhaji ya ƙi amsawa ba. Da ta ce "tirrin-tirrin", ko a sahu yake sai hannu ya doshi aljihu. A cikin mota kuwa, sitiyari ya samu hannun hagu, ita ta ɗauki na dama, ta haɗa da kunne da idanu duka biyu.

Doka ta hana taɓa waya ana tuƙi. Ana faɗa a rediyo, jami'an kiyaye haɗurra ma sun taɓa tsayar da shi sun faɗa masa. Amma a fahimtar Alhaji, an yi dokar ne don ƙananan mutane, waɗanda ba a kiransu kan harkar taki.

Ajali ya same ta ranar kasuwar Mafara, a hanyar Morai. Na ɗauko Malama Rhoda, malamar firamare, da buhun shinkafarta, muna tafe a hannunmu. Sai na hango mota tana barin nata hannun tana yo kanmu. Na danna oda. Na sauka gefen kwalta, ta biyo ni. Ban ga fuskar mai tuƙi ba, tsakiyar hularsa kawai na gani, domin kansa na sunkuye a kan marigayiya.

Da na farfaɗo, ina cikin kwalbati, ƙashin ƙwabrina a waje. Malama Rhoda na riƙe da hannunta tana kiran Yesu, shinkafa ta watse a titi. Can sai ga Alhaji ya fito a guje, yana salati, hawaye a idonsa, ya nufo inda nake. Har na shirya baki zan ce, "Ba komai, Alhaji, ƙaddara ce." Ya tsallake ni.

"Wa yag ga wayata?" Abin da ya ce ke nan.

Ashe ta fice ta taga, ta faɗi kusa da kaina. Ya ɗauke ta da hannu biyu, ya hure mata ƙasa, ya goge ta da hannun babbar riga, ya yi ta dannawa. Ta ce "ɗin", siriri, sannan ta yi duhu. A nan ya zauna daɓas. Mu kuwa manoman da ke dawowa daga fadama ne suka kwashe mu, Allah ya saka musu.

Ta rasu ta bar caja, da layuka masu yawa, da tarin saƙonnin da ba a buɗe ba. Ta bar babur ɗaya da ya naɗe kamar tabarma. Ta bar malamar da ba ta iya riƙe alli, 'yan ajinta na zaune. Ta bar matata Lantana, wadda ba ta taɓa sana'a a ƙofar gida ba, yanzu tana suyar awara don yara su ci. Ta bar ƙafar da nake sa giya da ita, wadda likita ya ce za ta warke, sai dai ba za ta kai 'yar'uwarta tsawo ba. Duk waɗannan ƙananan magada ne, ba sai an yi musu gaisuwa ba.

Gawar tana shagon Imrana mai gyaran waya a bakin tasha, wanda ya duba ya tabbatar rai ya yi halinsa. Ba za a rufe ta ba. Za a kwance ta a raba sassanta ga mabuƙata. Ana karɓar gaisuwa a ƙofar gidan Alhaji, amma masu zuwa su hanzarta, domin bai tsaya zaman makoki ba. Washegari ya kawo sabuwa, ta fi marigayiya faɗin fuska, motar ma ta fito daga gareji. Jiya an gan su tare sun nufi Bakura.

Don haka 'yan'uwana masu babur da ke bin wannan hanya, kowa ya ɗaure hular kwanonsa, ya kuma nemi gafarar iyalinsa kafin ya fita.