Ƙullin Zarge a Bakin Kwalba

"…da gajiyar kiwo, matata? Garke ya kwana lahiya?"

Danda ke nan, daga kan shimfiɗarsa a zaure, yana tsokanar jikarsa Basira. Garken da yake nufi kuwa ƴan mitsi-mitsin ƙudajen nan ne masu bin ruɓaɓɓen mangwaro. Tun da ta shiga lise, wato babbar sakandare, a Mayahi take kiwon su a kwalabe, har uwarta ta gaji ta kore su daga cikin gida. Zauren tsohon kaɗai ya rage musu, shi ma da sharaɗi. Danda ya ce ruɓa ce ke haihuwar ƙuda, Basira ta ce sai ƙuda ya sauka ya yi ƙwai. Sai ta dafa mangwaro ta zuba a kwalba, ta ɗaure bakin da ƙyalle. In ƙuda ya fito a ciki, duk kwalabenta sai bola.

"Lahiya lau, angon da ba haƙori," in ji ta. "Garkena dai yana haihuwa. Akuyarka hwa? Ko har yanzu tana shawara?"

"Akuyata mai kunya ce. Ke naki in an yanka, mutum nawa za su ci?"

"Kai kaɗai, tunda ba ya buƙatar tauna."

"Bar cika baki, marar kunya. Je ki duba kwalbarki."

Ta ɗaga kwalbar. Ga ƙudaje nan suna ta shawagi a ciki. Hawaye ya kusa zubo mata, don ta san tsohon in ya ci gardama ba ya ragawa.

"Mi na hwaɗa miki?" Danda ya gyara zama. "Ina saurayi na taɓa ganin kabewa ta haihi ƙuda da ƙaho!"

Basira ta jujjuya kwalbar. Zaren bakin kwalbar ta ƙura wa ido. Ita ƙullin bakin zane ta yi masa. Wannan kuwa zarge ne, irin wanda ake yi wa akuya a turke, har da ɗan wutsiyar da ake ja ya kwance.

"Maigida, ƙudajen nan sun iya kiwo?"

"Kamar yaya?"

"Na ga sun shiga, sun jawo ƙyalle, sun yi mashi zargen akuya."

"Ƙudan zamani ne, ƴan boko, lakwal suka yi."

"A gidan ga wa ke wanga ƙulli in ba kai ba?"

"Iska ce."

"Iskar mai gemu?"

Danda ya nemi tari, tari ya ƙi zuwa. Sai dariya ta ƙwace masa har hula ta zame.

"Kullum sai na leƙa, ba ko ɗaya! Mangwaro ya yi baƙi ƙirin, shiru. Na ce wanga abu zai kunyata ni gaban matata, shi ne na buɗe musu ƙohwa su sha iska."

"To wa ke haihuwar ƙuda?"

"Uwarshi," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba, kunnena ya tsuhwa kamar na mijina."

"Uwarshi, na ce!"

Basira ta yi guɗa har akuyar ta zabura a turke. Danda ya jawo tsohon rawaninsa, ya yage bakinsa ya miƙa mata.

"Ungo murhin kwalabe, garke ya zauna. Amma ni zan riƙa ɗaurewa, ƙullinki ko ƙuda ba ya jin tsoron shi."