Firij Mai Ƙwai Ɗaya

"Ina gajiya, ina zaman banza, ina korar ƙuda?" in ji Rahmatu, tana tsaye bakin rumfar inji riƙe da ƙugu.

"Lafiya lau nike har kika iso," in ji Abdulƙadir.

Taubasai ne. Uwar Abdulƙadir ƙanwar uban Rahmatu ce, don haka tun suna wasan ƙasa take kiransa bawanta, shi kuwa bai taɓa amsawa ba. Shi ke da injin da ke ba layin teloli wuta a kasuwar Kurfi, inda wayar gwamnati ba ta kai ba. Ita kuma 'yar sari ce, ta ja waya mai kauri daga wurinsa ta raba wa rumfuna bakwai, tana ɗora ribarta. Da kaka suka ƙulla cinikin shekara guda a gaban kwamitin kasuwa, kwamiti ya yanke sule biyar a mako kan kowane ƙwan lantarki. Ba a jima ba gas ɗin da inji ke sha ya yi tashin gwauron zabo a Dutsin-Ma, farashin kwamiti kuwa yana nan a turke kamar jaki. Yau kwana biyu inji shiru, gobe ake sa ran azumi, kuma shi kaɗai ya san tankin ya bushe ƙayau. Ya fi son a kira shi mugu da Rahmatu ta ji cewa ya karye.

"Bawana, tashi ka murɗa wanga tsohon ƙarfe. Teloli sun hana ni sakat, ƙanƙarata ta zama ruwan alwala."

"Inji na hutawa. Shi ma azumin zai ɗauka."

"Ƙarya kake! Ɓoye wutar ka yi, kamar masu ɓoye madara da sabulu. Yanzu in kira 'yan farashi na gwamnati su fasa rumfar su saida ta a layi."

"Kira su. Su taho da buhu da mudu, in ga yadda za su auna."

"Alkawari dai kaya ne. Shekara muka ce."

"Mun ce, lokacin galan na da mutunci. Kwamitinku ya ɗaure farashin wuta, ya bar na gas yana kiwo babu igiya. Akwai wanda ya taɓa sayen ko kwalba ɗaya a cikinsu? Shugabansu ma da aci-balbal yake kwana!"

"Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Da gas ɗin ya faɗi, kana rage mani?"

Nan ta kama shi, don ya san ko kwabo ba zai rage ba. Sai ya sake hanya.

"To, zancen firij fa? Kin jona mani dodo a waya. Da ya yi gurnani sai inji ya durƙusa, fitilun teloli su koma ja kamar idon mashayi. Abin da ke shan wutar ƙwai ashirin, sule biyar kike biya!"

"Mi takardar kwamiti ta ce?"

"Kowane ƙwai..."

"Ƙwai nawa ke cikin firij ɗina?"

"Rahmatu, ki ji tsoron Allah."

"Ƙwai nawa, bawa?"

"Ɗaya."

"Madalla. Shi ma ba ya kamawa sai na buɗe ƙofa. In gaskiya za a bi, kai za ka maido mani canji."

"Wa ya ce maki yana mutuwa in kin rufe? Shiga ki rufe kanki ki gani, ni zan riƙe maki ƙofar har Sallah."

"Ka kai ƙara in ka isa."

"Gobe-goben nan zan kai!"

"Ka je da la'asar sakaliya, ka iske 'yan kwamitin su biyar a ƙofata, kowa da kwanonsa yana jiran ƙanƙarar shan ruwa. Sai ka yi masu bayani a nan."

Raha ta ƙare wa Abdulƙadir. Ya dubi injin da ya sayar da gonar gadonsa ya saya. Ranar wanka ba a ɓoye cibi. Ya kwance murfin tanki, ya zura kara ya zaro, ya miƙa mata a bushe.

"Ga wutar da na ɓoye. Ragon layya ma ya tafi a galan huɗun ƙarshe."

Rahmatu ta juya karan ta duba.

"Kai dai sakarai ne tun kana goye. Aika amalanke ƙauyen Birchi. Akwai duro biyu bayan rumbun kakarmu Inna Saudatu."

"Duron mi?"

"Na zuma! Gas mana. Ranar da ka dangwala hannu a takardar nan kana washe baki, ni motar Dutsin-Ma na hau. Wa ke sayen wutar shekara bai tanadi abincin inji ba? Ba a fafe gora ranar tafiya."

"La'ilaha illallahu! Gwano ba ya jin warin jikinsa! Ke da za ki kira mani 'yan farashi?"

"Nawa tanadi ne. Na talakawa ake kira ɓoyo."

"To nawa za ki saida mani?"

"Farashin yau."

"Wutar fa?"

"Farashin kwamiti."

Ya dube ta, ya dubi inji, sai dariya ta ƙwace masa har ya zauna dirshan bisa ƙasa yana share hawaye.

"Ɗaya kyauta ne," in ji ta, tana gyara gyale. "Ba don kai ba. Kar a ce ɗiyar namiji ta bar bawanta ya shiga azumi da tsiya."

"Na biyun fa?"

"Sai na ji yadda ka kira ni."

Shekara arba'in yana gudun kalmar nan. Ya waiga, teloli duk sun leƙo daga rumfunansu. Ya cire hula, ya durƙusa.

"Ranki ya daɗe, uwar ɗakina."

"Ɗaga murya, bawa. Na rumfar ƙarshe bai ji ba."